Jan Biron Malam Bentsil

Mijina, Ebo Bentsil, ya shekara talatin da biyu yana koyar da Turanci a Elmina, kuma ritaya ba ta raba shi da jan biro ba. Amininsa Kwamena masunci ne, tare suka taso.

Shekarar da injin kwalekwalen Kwamena ya lalace ana tsakiyar kakar kifi, Ebo ya ranta masa sidi dubu huɗu, kuɗin ƙasarmu, bai nemi shaida ba. Kwamena ne ya ga hakan bai dace ba. Shi da ya tsaya a aji huɗu, ya rubuto takarda da hannunsa, ya kawo da hantsi ina suyar kifi.

Ebo ya sa tabarau ya karanta, sai na ga hannunsa ya nufi aljihu.

Na ce, "Maigida, bar biron nan."

Bai saurare ni ba. Ya soke "I am owing you", ya rubuta "I owe you" a sama.

Ya ce, "Bature ba ya faɗa haka."

Kwamena ya ce, "Baturen ne ya ranta min? Duk garin nan haka muke cewa."

"Duk garin nan ba su iya ba."

Kwamena ya yi 'yar dariya, ya ajiye takardar, ya tafi bai taɓa abinci ba.

Mako uku bai leƙo ba. Kuɗin kan zo kaɗan-kaɗan ta hannun matarsa, Araba. Kullum da yamma Ebo kan jera dara a baranda, ya zauna shi kaɗai har ya kwashe.

Rannan na gaya masa abin da Araba ta faɗa min: kwana biyu Kwamena ya yi a kan takardar, biyar ya yaga kafin ya samu wadda yake ganin za ta shiga idon malami.

 Washegari Ebo ya gangara bakin teku da gogaggen wandonsa, ya tarar da Kwamena yana gyaran koma. Ya zauna a yashi, ya jawo gefe guda na komar ya shiga ƙulli.

Can Kwamena ya leƙo, ya ce, "Malam, wannan ƙullin naka, ko ƙaton kada sai ya wuce ta nan. Kwance ka sake."

Ya kwance, ya sake. Sai azahar suka iso gida tare, na zuba musu dokunu, tuwon masararmu. Tafin hannun Ebo duk ya yi bororo, da cokali ya ci.