Ƙafar Aƙilu da Ƙafar Zakara

Shekarar da Nasara ya sa a fasa hanyar mota daga Karaye zuwa Rogo, dutse ya suɓuce a wurin aikin tilas ya karya wa Aƙilu ƙwauri. A kan ƙyaure aka kawo shi gida Zoza. Lado maɗori ya jera karare, ya ɗaure da igiya tamau, sannan ya kama zakaran gidan ya karya masa ƙafa, shi ma ya ɗora. Ya ce ranar da zakara ya taka, Aƙilu zai taka, kuma kada wanda ya taɓa ɗaurin sai ya dawo bayan kwana biyar.

Shi ke nan, gida ya koma jinyar zakara. Masu zuwa dubiya ma sai sun leƙa akurki kafin su gai da mai ciwon.

Mero, matar Aƙilu, ita ƙafar mijinta take kallo. Ya yini yana ihu, washegari da hantsi ya yi shiru. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Mero kuwa ta tuna irin wannan shirun yayanta ya yi da ɗaurin hannunsa ya matse, kafin a yanke hannun a Kano. Ta taɓa yatsun ƙafar Aƙilu. Sanyi ƙalau, sun kumbura, faratan sun yi duhu. Ta mintsini babban yatsan da ƙarfi.

"Malam, ka ji?"

"Na ji me?" in ji Aƙilu.

Ta fita ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa. Gwaggo ta tare ƙofa.

"Ke Mero, kin fi Lado sani ne? Ga zakara can har ya miƙe yana cin dawa! In ƙashin nan ya goce, sai ki nemi wani gidan."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ba zakara ne zai yi mana noma ba."

Ta sulale ta ƙarƙashin hannun tsohuwar, ta durƙusa. Ta yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta bar kararen a wurinsu. Shiru. Ta riƙe dunduniyar tana jira, tsoro ya cika ta ko ta makara.

Can sai Aƙilu ya ƙwalla ƙara. "Wayyo ƙafata! Wuta! Mero, me kika yi mini?"

Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Mero ta sake mintsinin yatsan. Ya zabura, ya ɗura mata ashar.

Ta zauna dirshan a ƙasa, kuka da dariya suka zo mata tare.

"Ƙara zagina, Malam," ta ce. "Ƙara."