Motar Baba Mai Ja Gefe

Makaniken ya auri 'yar autar Baba ne bai san har da motar Baba ya aura ba. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, ta girmi matar tasa nesa ba kusa ba, kuma tun ranar ɗaurin aure Baba bai sake kai ta garejin kowa ba.

Da sifirin ɗin gaba, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyin motar, ya karye, makaniken ya sha yawo kafin ya samo irinsa guda biyu a wurin masu tsofaffin kaya. Ya matse su, ya zaunar da kowanne a gurbinsa, ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita bakin tayoyin. Mota ta tsaya cak, ko'ina daidai. Baba ya ɗauka, bai daɗe ba ya dawo.

"Tana ja gefe," in ji shi. "Kuma ɓangarena ya durƙusa."

Makaniken ya sake aunawa, bai ga komai ba. Ya tuƙa da kansa, ta tafi santal. Sai da Baba ya koma ciki zai tafi, makaniken na tsaye a gaba yana goge hannu, ya ga abin da idonsa: Baba na zama, ɓangaren direba ya yi ƙasa, tayar ta ɗan kwanta. Baba mutum ne da Allah ya yi wa jiki, kuma tun da ya bar aiki jikin yake ƙaruwa.

"Me ka gani?"

"Ba komai, Baba. A bar min ita."

A gida ya faɗa wa matarsa. Ta yi dariya har ta ajiye ludayi.

"To ka gaya masa mana."

"In gaya wa surukina ya fi ƙarfin sifirin? Ke ki gaya masa, mahaifinki ne."

"Ni ina son zuwa gidanmu."

Dabarar da ta rage ita ce a ɗora wa kujerar direba nauyi irin na Baba, a yi saitin a haka. Washegari ya cika buhuna da yashi ya jera a kujerar. Da ta kawo masa abincin rana, ta leƙa ta girgiza kai.

"Wannan ai Baba ne na lokacin da nake firamare. Ƙaro."

Ya ƙara. Ta ɗaura wa buhunan bel, ta ɗauko hular da Baba ya manta a kujerar baya ta kafa a saman. Sannan ta rusuna a bakin taga. "Baba, ina wuni? An zo lafiya?"

Makaniken yana cikin rami a ƙarƙashin motar da sufana a hannu. Ya kumbura murya ya amsa, "Lafiya lau, 'yar nan. Mijin naki dai har yanzu bai iya aiki ba. Tana ja gefe."

Ya jira dariyarta, bai ji ba. Da ya juya, sai ya ga takalma a bakin ramin, manya, waɗanda ya sani sarai.

Ya yi tunanin zama a ramin har abada. Matarsa kuwa ta ce ta bar tukunya a wuta, ta bi ta bayan garejin, ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Baba ya zagaya ya buɗe ƙofa. Ya cire hularsa daga kan buhun, ya kakkaɓe, ya sa. Ya danna buhun da yatsa.

"Fito da wannan bawan Allah," ya ce a hankali. "Mai kujerar ya zo."

Makaniken ya kwashe buhunan, kansa a ƙasa. Baba ya zauna, ya jawo kwanon abincin ya ɗora a cinya. "Koma ka yi aikinka."

Ya sa ɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ɗin direba don ya ɗaga, ya sauke motar, ya ɗaure kusoshin da nauyin a kai. Saura zare. Duk lokacin da ya kusa samun awon, sai Baba ya miƙa can ɗaya gefen wai yana neman tsinken sakace, motar ta yi lilo, awo ya ɓaci.

"Baba, da za a ɗan zauna shiru."

"Au, na motsa? Ka yi haƙuri. Wancan ya fi ni natsuwa."

Haka suka yi har la'asar, makaniken na gumi, Baba na gyangyaɗi yana farkawa daidai lokacin da bai kamata ba. Da aka gama Baba ya ce, "Shigo mu gwada."

Suka bar gari, suka hau doguwar hanya. Baba ya saki sitiyari, motar ta miƙe ba ta karkata ko'ina ba. Ya gyaɗa kai, ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Da nauyinka a ciki ai ba za mu gane gaskiya ba. Sauka in ji ta ni kaɗai."

Makaniken ya sauka. Ya tsuguna a bayanta yana kallo tana tafiya, kafaɗunta biyu daidai, tayoyin a miƙe. Daɗi ya kama shi, don aikin ya yi kyau. Sai da ta ƙanƙance ta ɓace ya lura Baba ko rage gudu bai yi ba, kuma wayarsa na kan teburin gareji.

Ya iso gida ƙafafunsa sun yi futu-futu. Motar na ƙofar gida. A tsakar gida ya tarar da Baba a kan kujerar mai gidan, 'yar autar tasa na zuba masa ƙarin abinci.

"Sannu da zuwa," in ji Baba. "Aiki ya yi. Sai dai birkin baya na ɗan kuka, gobe zan kawo ta."