Ɗaurin Pak Sudin

Ran Lahadi Rohaizan ta saba zuwa gidan kula da tsofaffi, amma wannan makon sai ta faɗo musu ran Laraba da rana, riƙe da shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Ta tarar da mahaifinta, Pak Sudin, a kujera, an ɗaure masa hannu biyu da ƙyalle. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa keken fasinja a garin Melaka, yau ko ƙuda ba ya iya korewa. Zaninsa ya jiƙe sharkaf, wuyan hannunsa ya yi ja.

Ta dire ƙunshin, ta nufi shugabar masu jinya, Sista Vimala.

"Akuya na kawo muku ajiya ko ubana?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Tsohon nan ba ya zama. Kullum sai ya miƙe ya nufi famfo. In ya faɗi ya karye, mu za a kama."

"Da wane lokaci yake tashi?"

Sista ta buɗe littafin aiki tana karantowa: da asuba, da ƙarfe ɗaya, da ƙarfe huɗu. Rohaizan ba ta bari ta ƙarasa ba.

"Alwala yake nema. Wata uku yana hannunku, ba wanda ya tambaye shi?"

"Mu biyu ne a kan mutum talatin."

"Amma kun samu lokacin ƙulla igiya."

Ta durƙusa ta kwance ɗaurin, har da haƙori, ta canza masa zani, ta rirriƙe shi zuwa famfo. Tsohon da ya manta sunanta tun bara ya yi alwalarsa tsaf, bai tsallake gaɓa ko ɗaya ba.

Aka miƙo mata takardar cewa in ya faɗi, ba ruwan gidan. Ta sa hannu.

Tana shirin fita, wata tsohuwa a kujerar gefe, Madam Khoo, ta ɗaga hannu iya inda ƙyalle ya bar ta.

"'Yata, ni fa?"

Sista ta ce ɗan tsohuwar ne da kansa ya yarda a ɗaure ta. Rohaizan ta ja kujera ta zauna.

"Ba ni lambar wayarsa. Ba inda za ni sai ya ɗauka."