Mutum na Ashirin da Ɗaya

Ba da kunne Manong Isyo, wato Yaya Isyo a yarensu, ya gane an samu matsala ba, don kunnuwan nan sun daɗe da ajiye aiki. Da tafin ƙafa ya gane. Shekara talatin da ɗaya yana gyara da walda a jiragen ruwa, kullum ƙarfen da yake takawa yana rawa da bugun inji. Yau da hantsi ya kashe injin gurza ƙarfe, sai ya ji ƙasa ta yi tsit. An kashe inji a tsakiyar teku, babu kuma wanda ya ce masa komai.

Yana can goshin jirgin, a ɗakin ajiya na ƙasa, yana fama da wani bututu da ya tsage. Jirgin dakon takin zamani ne, tsawonsa ya kusa filin ƙwallo biyu, mutane kuma duk suna baya, inda inji da ɗakunan kwana suke. Ya hau matakala yana mita, ya ɗaga murfi kaɗan ya leƙa. Sai ya hango tsani maƙale a gefen jirgi, da wasu samari dogaye sirara suna gudu da bindigogi, ɗaya har da roka a kafaɗa. Kwanansu biyu suna ratsa ruwan da ke daura da Somaliya, ba ya buƙatar a gaya masa ko su wane ne.

Ya mayar da murfin a hankali. Ya sauka, ya kwance ƙofar rumbun sarƙar anga, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, ya kutsa ciki ya jawo ta. Duhu ne baƙi ƙirin, ga warin laka da tsatsa. Ya zauna a kan tulin sarƙa, kowane zobe kaurinsa kamar cinyarsa.

Duk wanda ya bi ta ruwan nan a shekarun nan ya san doka. In jiniya ta yi kuka, kowa ya bar abin da yake yi ya ruga ɗakin ɓuya, can ƙasa a bayan inji. A ƙirga mutane, a rufe ƙofar ƙarfe, a kashe inji, a kira jirgin yaƙi. Ƙofar kuma in ta rufu ba ta buɗuwa, ko uwarka ce ke bugawa. Su kuma sojojin ruwa suna da tasu dokar: ba sa hawa jirgi sai kyaftin ya tabbatar musu kowa da kowa yana ciki. In ko mutum ɗaya ya rage a waje, za a iya garkuwa da shi, don haka sai su tsaya daga nesa suna kallo har a tafi da ku. In kuwa an ce an cika, to duk abin da ya motsa a waje ɓarawo ne, harsashi kuma halalinsa.

Isyo ya san ba su san ya rage ba, ya kuma san dalili. Duk Asabar ana atisayen ɓuya, duk Asabar kuma babban injiniya zai tare shi ya ce, "Isyo, bar wasan yaran nan, gama min famfon nan." In an zo kiran suna aka ce Dionisio Magbanua, cikakken sunan Isyo, sai Efren mai zuba wa inji mai ya kumbura wuya ya kwaikwayi muryarsa, "Eh? Me? Ina nan!" Kowa ya kwashe da dariya, a yi alama a takarda, a watse. Wata bakwai ana haka, har bakin Efren ya saba. Tir da irin wannan atisaye, amma wane jirgi ne ba a yin haka? Yau da tsoro da duhu da ihu, bakin nan zai amsa tun kafin mai shi ya yi tunani.

Akwai oba-oba a ƙugunsa. Ya rage mata murya, ya manna ta a kunnen dama, wanda ke ɗan ji, ya murɗa zuwa tashar da jirage ke kiran juna. Sai ga muryar Kyaftin Villaruel, tana sauri, tana faɗin inda suke. Wata murya ta amsa daga jirgin yaƙi, a natse kamar mai karanta labarai.

"Ku nawa ne a jirgin?"

"Ashirin da ɗaya."

"Nawa ne a cikin ɗakin?"

"Ashirin da ɗaya. Mun cika."

"Muna tafe. Awa shida. Kada kowa ya fito."

Babban yatsan Isyo yana kan maɓalli. Dannawa ɗaya ce, ya ce ga ni a waje. Amma wannan tasha kowa na jin ta, sojoji za su ji, ɓarayin da ke ɗakin tuƙi su ma za su ji. Daga nan shi ke nan: jirgin yaƙi zai ja ya tsaya, a fasa ƙofa, a kwashe mutum ashirin zuwa gaɓa. Ya tuna Berting ɗan garinsu a Iloilo, wanda ya yi shekara biyu da wata takwas a hannun irin waɗannan mutane ana cinikin kansa. Ya dawo babu haƙora, yanzu yana zama a gaban shagon ƙanwarsa, in babur ya yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin benci. Ya tuna matar Efren tana da tsohon ciki. Ya ɗauke yatsansa, ya zagi Efren da uwarsa da kakarsa a zuciya, sannan ya yi alamar gicciye ya nemi gafara.

Rana ta yi sama, rumbun ya koma tukunya. Gumi ya jiƙa rigar aikinsa har ta daina sha. Babu ruwa, sai wata alewar citta guda biyu da ya samu a aljihu. Yana jin bugu yana ratso ƙarfen jirgi har cikin ƙashin bayansa, dum, dum, suna dukan ƙofar da guduma. Bai damu da guduma ba. Shi ya ƙara wa ƙofar nan faranti biyu na ƙarfe da hannunsa, ya san abin da ya yi.

Lokaci zuwa lokaci yakan murɗa oba-oba zuwa tasharsu ta aiki, wadda suke kiran juna a cikin jirgi, ya saurara. Babu komai sai shuu. Ya koma ta jirage, ya sake dawowa. Ya san bai kamata a kira shi ba. Ya san in shi ne kyaftin ba zai kira ba. Duk da haka ya ci gaba da murɗawa.

A duhun nan ya ga rayuwarsa sarai, abin kuma bai yi masa daɗi ba. A ɗakin cin abinci kujerarsa tana ƙarshen tebur. In an ba da labari yakan jira ya ga haƙoran mutane sannan ya yi tasa dariyar, kullum a makare. A gida ma haka. Wata tara a teku, wata uku a Iloilo, Minda matarsa tana dafa masa miyar kifi mai tsami kamar yadda ake yi wa baƙo mai daraja, yaran suna ɗaukar hannunsa su kai goshi da ladabi su koma ɗakinsu. Babu wanda ya taɓa yi masa rashin mutunci. Kawai dai an saba da rashinsa, kuma shi ya koya musu hakan. Ya ji kaɗaici ya danne masa ƙirji fiye da tsoro, dattijo ɗan shekara hamsin da shida ya zauna a kan sarƙa yana kuka ba sauti.

Wajen azahar muryar kyaftin ta dawo, ta dushe. Ya ce sun daina duka, sun samo tukunyar gas suna yanka ƙofar da wuta. Isyo ya ciji leɓe. Kayansa ne, da safen nan ya bar su a ɗakin gyara, bai kulle ba. Ya lissafa: hannun da bai iya ba, faranti uku, awa huɗu in an yi sa'a.

"Muna ganinku yanzu," in ji muryar jirgin yaƙi. "Kyaftin, zan sake tambaya, ka ƙirga da kyau. Akwai mutuminka ko ɗaya a waje?"

Shiru ya biyo baya. Ba dogo ba ne, numfashi uku ko huɗu, amma Isyo ya yi jirage biyu da mutumin nan, ya san ba ya jinkirin amsa. Ashe ya sani. Ya haska tocila ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu.

"Babu," in ji kyaftin. "Mun cika."

Kafin la'asar aka sake tambaya karo na uku. Wannan karon ko jinkiri babu.

Abin da ya biyo baya Isyo da jikinsa ya ji shi. Ƙarfe ya ɗauki rawa da fukafukan jirgi mai saukar ungulu, sai tartsatsin harbi, sai gudu a saman kansa. Ya cire oba-oba ya ajiye nesa, kada a ɗauka makami ce. Ya kwanta rub da ciki a kan sarƙa, ya ɗora hannuwa a ƙeya, yana ta maimaita sunan jirgin da nasa sunan don su kasance a bakinsa in an buɗe. Da aka buɗe ɗin, haske ya doke shi, murya kuma ta ƙi fita, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ana yi masa tsawa bai ji me ake cewa ba, ya ɗago kai don ya ga bakin mai maganar. Gindin bindiga ya sauka a fuskarsa.

Ya farfaɗo a sarari, a durƙushe, hannuwa ɗaure a baya, laka da tsatsa sun rufe shi har ba a gane launinsa. A jere da shi ɓarayi biyar ne a ɗaure, an lulluɓe wasu biyu da tamfol. Na kusa da shi yana kallonsa da mamaki, yana neman tuna inda ya san shi.

Daga nan ya ga an fito da mutanensa. Suna fitowa suna kare ido daga rana, suna rungumar juna, mai dafa abinci ya faɗi yana sumbatar ƙarfe. Efren ne ya fara hango shi. Ya tsaya cak, ya dafe kai da hannu biyu, ya juya baya.

Shugaban sojojin ya jawo kyaftin. "Wannan fa? A gaba muka same shi."

"Mutumina ne."

"Sau uku na tambaye ka. Saura ƙiris yarona ya fasa masa kai."

"Na sani," in ji kyaftin. "Ku kwance shi."

Da yamma likitan sojoji ya ɗinke masa leɓe ya tafi. Isyo yana zaune a bakin gado a ɗakin jinya, da kwalbar ruwa ta uku a hannu. Inji ya tashi, ƙasa ta koma rawarta. A ƙasa ana ta hayaniya, an dafa taliya da kaza, wani har ya kunna injin waƙa. Kyaftin ya shigo ya rufe ƙofa, ya zauna ta ɓangaren kunnen dama.

"Manong, ba zan yi maka ƙarya ba. Bayan awa ɗaya na gane. Efren ne ya rarrafo ya gaya min, yana kuka."

"Na ji lokacin da ka yi shiru."

Kyaftin ya ɗago. "Ka ji? Da oba-oba a hannunka?"

"Tun farko."

"Yesu! To me ya hana ka magana?"

"Abin da ya hana ka."

Kyaftin ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. Har ya ɗan yi murmushi, ya dafa gwiwar Isyo. "Ka gani ko? Tunaninmu ɗaya. Mutum ashirin, Manong. Da na kira ka a tashar aiki, suna ɗakin tuƙi, za su ji, su bi ka. Kai ma ka san haka. Za a rubuta wa kamfani abin da ka yi, ni da kaina zan rubuta."

"Daidai ka yi, Kyaftin. Ko gobe aka sake, haka za ka yi."

"To, madalla. Taso mu je, yara suna jiranka, Efren ya kasa cin abinci."

Isyo bai tashi ba. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya dubi yatsunsa da laka ta cika ƙarƙashin farcensu.

"Awa shida ina murɗa abin nan," ya ce. "Ba sai ka yi magana ba. Ka danna maɓalli sau biyu kawai, ƙyas, ƙyas, babu ɓarawon da zai gane. Ni zan gane. Da na san akwai wanda ya san ina can."

Kyaftin ya dubi ƙasa.

"Bai zo min a rai ba," ya ce. "Na rantse, Manong, bai zo min ba."

"Na sani," in ji Isyo. "Je ka ci abinci. Ka ce da su na yi barci."