Jinin Labaran Marini

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Malam Labaran marini ya fara ganin duniya kamar ta cikin ruwa. In ya tsaya bakin ramin rininsa a bayan Ƙofar Galadima, sai ya ga rimayen gari suna lilo a hankali, Dutsen Kufena yana iyo can nesa kamar kwale-kwale. Kiran sallar azahar kan iso masa tamkar daga ƙasan rijiya. Ba ciwo yake ji ba, nauyi ne mai daɗi-daɗi, irin na wanda bai gama farkawa ba.

Leɓensa ya yi shuɗi, faratansa ma haka. To wa zai kula? Shekara arba'in mutum yana dama baban rini.

"Malam, har lasar ruwan baban kake yi?" in ji matarsa Hajo, tana dariya. Ta kawo sabulun salo da soso ta dirje masa baki. Launin bai ko motsa ba.

Wata Laraba wata nas daga Wusasa, sunanta Jummai, ta kawo zanenta a rina mata. Tana miƙa masa ta tsaya tana kallon fuskarsa.

"Baba, don Allah fito da harshenka."

Ya fito da shi, kunya ta kama shi.

"Ruwan baba ba ya rina ƙasan harshe. Wane magani kake sha?"

Ya zaro ƙunshin takarda daga aljihu. Fararen ƙwayoyin salfa ne da ya saya a kemis tun bazara, lokacin da gyambo ya fito masa a ƙafa. Gyambon ya warke tuni, shi kuwa ya ci gaba da sha safe da yamma, don ya ji an ce rigakafi ne.

Washegari Jummai ta kai shi asibiti, wurin Malam Jibril mai gwajin jini. Da aka ɗebi jinin aka ɗaga kwalbar wajen taga, Labaran ya ƙura wa jinin ido. Ya san kowane irin launi, amma bai taɓa ganin wannan ba: baƙi-baƙi, da wani kore can ciki, kamar ruwan kududdufi a inuwar kuka.

"Nawa ne wannan?"

"Naka ne, Baba," in ji Malam Jibril. "A cikin ƙwayoyin jini akwai wani ɗan zobe mai ƙarfe a tsakiya. Shi ne ke sa jini ja, shi ne kuma ke ɗauko iska daga huhu ya raba wa jiki. Maganin nan akwai farar wuta a cikinsa. Ita ce ta shiga ta manne a jikin zoben. Wanda duk ta kama sai ya sauya launi, ya kasa riƙe iska."

"A wanke ta mana."

"Ba ta fita."

Labaran ya gyaɗa kai. Wannan kam ya gane, rinin da ya kama ya kama ke nan.

"Amma jini yana sabunta kansa," in ji Malam Jibril. "Tsofaffin ƙwayoyin za su mutu, sababbi su fito. Ka bar maganin, ka ba jinin wata huɗu."

Haka ya yi daminar nan a zaure, kan buzu, yana kallon ruwa na zuba daga indararo. Wani lokaci yakan lumshe ido ya ga kamar ƙananan zobba kore suna tafiya a cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin fatake masu barin gari. Yakan yi musu fatan sauka lafiya. Hajo ta riƙa yi masa faten wake da hanta, ta daina tsokanarsa.

Da aka fara yankan gero, wata safiya ya ji ƙanshin ƙosai daga maƙwabta ya doki hancinsa da ƙarfi. Yunwa ta gaske ta taso masa.

"Hajo!" ya ƙwala kira, har muryarsa ta ba shi mamaki. "Ina takalmana? Kasuwa za ni, kuma a ƙasa."