Yadda Verlene Ta Karɓi Guduma

Yayana Orval Tackett ya fi shekara talatin yana gwanjo a tsohon rumbun taba da ke bayan gidansa. Duk Asabar ake cika: kayan noma, kayan mamatan da magada suka kasa rabawa, wani sa'in har maruƙa. Bakinsa kamar keken ɗinki. Ni, Delmer, aikina in ɗaga kaya jama'a su gani. Matarsa Verlene kuwa tana can baya da kofi da gurasar masara, mace mai sanyin baki, wadda in ka gaishe ta sai kofinka ya huce kafin ta gama amsawa.

Da bazara ɓarin jikin Orval ya shanye, magana ta ɗauke. A jiharmu, kamar jihohi da yawa a nan Amurka, ba ka isa ka ce "an sayar" ba sai da lasisi. Ni kuwa ba zan iya ba, kunnena ɗaya ya daɗe da mutuwa a gidan yankan katako. Hoyt Stamper, mai gwanjon garin gaba, ya zo dubiya da furanni, amma idonsa na kan rufin rumbun.

Bayan ya tafi Verlene ta ce, "Ni zan yi."

Na ce, "Matar Yaya, kafin ki ƙirga zuwa goma ai maraƙin ya zama sa."

Ta ce, "To sai a sayar da shi kuɗin sa."

Ta shiga makarantar gwanjo a birni, cikin samari sa'annin jikokinta, ni nake kai ta. Malaminsu ya ce su riƙa gwaji a hanya: kowane turken wayar lantarki mai saye ne, in an wuce shi ya yi tayi. Mu sai mun wuce turke huɗu kafin ta karɓi tayin na farko. Ran nan malamin ya ja ta gefe ya ce, "Baba, sai fa kin ƙara wuta." Ta tambaye shi shafin da dokar jiha ta ce a yi sauri. Ya duba, babu.

Jarrabawar doka da lissafi ta haye da ita karon farko. Hoton yatsu ne ya tsaya mata. Ɗan sanda ya danna yatsanta a na'ura, ya sake, ya kira abokin aikinsa ya gwada. Wanke-wanken shekaru ya shafe zanen tas.

Ya ce, "Baba, ki huta da taɓa ruwa, ki yi ta shafa mai, ki dawo."

Ta juyo ta dube ni. Haka na yi sati biyu ina wanke tukwanen wake, ita tana zaune a baranda da hannuwa a cinya kamar matar gwamna.

Saura sharaɗi ɗaya: sai ta yi shekara a ƙarƙashin mai cikakken lasisi. Hoyt ya aiko cewa ƙofarsa a buɗe take. Verlene ta buga wa hukumar lasisi waya, ta ce lasisin mijinta bai ƙare ba, sai dai ba ya magana. Matar da ta ɗauka ta yi ta buɗe takardu, sannan ta ce abin da ta gani shi ne mai lasisin ya kasance a wurin, yana cikin hankalinsa, ya kuma sa hannu.

Verlene ta ce, "Hannun hagu ya yi?"

"In dai nasa ne."

Asabar ɗin farko rumbu ya cika fiye da zamanin Orval, don rabin mutanen kallo suka zo. Muka turo Orval a kekensa na marasa lafiya, da hularsa, muka ajiye kusa da teburi. Verlene ta fara da akwatin ƙusoshi. Ta ce, "Dala biyu," ta yi shiru, ta kafe wani manomi da ido. Shirun ya yi tsawo har mutumin ya ɗaga hannu don dai a rabu da shi. Haka aka yi ta tafiya. Fuskar Orval ta yi ja, yatsunsa na bugun hannun keke, da ganinsa ka san a ransa ya sayar da rumbun kaf ya tafi cin abinci.

Da aka zo kan tsohuwar taraktar marigayi Purvis, Hoyt ya yi tayin wulaƙanci, ba wanda ya ƙara. Gwauruwar Purvis na zaune a layin gaba, ta sunkuyar da kai. Verlene ta ɗaga gudumar gwanjo za ta sallama. Ba ta ga wani baƙo can bakin ƙofa yana ɗaga hula ba, ni ma ban gani ba.

Sai muka ji, "Can!"

Orval ne, hannun hagu a miƙe, wuya duk jijiya. Wata takwas ke nan ba a ji muryarsa ba. Verlene ta sauke gudumar a hankali, ta daɗe tana dubansa, ta share ido da bayan hannu.

Ta ce, "Na gan shi, Malam. Numfashi nake." Ƙarya take.

Baƙon da Hoyt suka yi ta ja har tarakta ta ninka kuɗinta, baƙon ya tafi da ita. Hoyt ya sayi kofi, ya ce ya yi sanyi, ya fita.

Maganar Orval ba ta dawo duka ba. Ya samu "can", da "a'a", da wata kalmar ashar da fasto ya roƙe mu mu daina turo shi layin gaba a coci saboda ita. Da shekara ta zagayo cikakken lasisi ya iso, Verlene ta manna shi a jikin firji.

Asabar ta gaba na tarar tana ɗaura masa takalmi. Na ce, "Ai yanzu ba dole ya je ba."

Orval ya dube ni ya faɗi kalmar nan tasa ta uku.

Verlene ta ce, "Ka dai ji. Je ka kawo motar."