Kafaɗar Hagu

Marlys mai shagon bindigogi ta shimfiɗa bindigogi biyu a kan kantar shagon, doguwa da gajeruwa, ta ja da baya ta harɗe hannu tana jiran Lowell Braaten ya zaɓa. Shi kuwa ya tsaya yana kallonsu kamar wanda aka ce ya nuna haƙorin da za a cire masa. A waje, cikin a-kori-kurarsa, tsohon karensa Otis ya manna hanci a gilashi har numfashinsa ya yi hazo a kai. Ranar buɗe farautar kajin dawa ce, duk mai sauran ƙarfi a garin ya sa hularsa mai ruwan lemo ya nufi gonakin masarar da aka girbe. Shagon babu kowa sai su biyu da Harlan, abokin Lowell, wanda gwiwa ta hana shi fita, ya kafa kujera kusa da butar kofi yana jiran wanda zai tsokana.

Lowell bahago ne, amma bahagon da aka gyara. A makarantar ƙauyensu mai aji ɗaya, malamarsu ta yi ta dukan hannunsa na hagu da rula har ya koyi rubutu da dama. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa da fasto ranar Lahadi. Abu ɗaya ne rular ba ta kai gare shi ba, domin mahaifinsa ne ya koya masa a bayan rumbu: harbi. Shekara sittin gindin bindiga yana zama a kafaɗarsa ta hagu.

A farkon shekarar nan zuciyarsa ta fara tsallake bugu, aka kwantar da shi a asibitin birni. Wata nas ta tambaye shi da wane hannu yake rubutu, ya ce da dama, kuma gaskiya ya faɗa. Sai suka dasa masa na'urar da ke daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin ƙashin wuyansa na hagu, don su bar masa hannun aikinsa ba takura. Sai da ya farfaɗo ya shafa bandejin sannan ya gane abin da ya yi wa kansa. Daidai gurbin bindiga aka sa ta. Bai ga laifin kowa ba sai nasa, da ya ƙara buɗe baki kaɗan da a dama aka sa ta, kuma wannan tunanin ya fi ciwon ɗinkin cin sa.

Likita bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce in bindiga ta daki wurin nan, wayoyin da suka shiga zuciya na iya gocewa, kuma mutum yana tsakiyar gona ba a san wanda zai riga isa gare shi ba. 'Yarsa Renae ta fi likitan zafi. Ta zo daga birnin Sioux Falls ta kwashe bindigoginsa biyu, waɗanda dama an sassaƙa gindinsu don bahago, ta kulle a gidanta. Ta ce in har ya koyi harbi da dama, ya sayi sabuwa, ba ta hana shi ba. Marlys kuma ta ƙara nata: mai koyon sabuwar kafaɗa da tsufa bindiga ɗaya zai riƙe har jiki ya san ta, in ya haɗa biyu duk zai rasa.

Bayanin da take yi masa yanzu ya san shi tun kafin a haife ta, amma ya bar ta ta yi, don yana jinkirta masa zaɓen. Doguwar ta filin harbin faifai ce. Nauyinta yana shanye dukan da take kai wa kafaɗa, kuma an gina ta tana jefa harsashi sama kaɗan, tunda faifan yumɓu kullum tashi yake yi idan inji ya cillo shi. A can mutum yana tsaye wuri ɗaya, ya ɗora bindiga a tsanake, ya gyara kumatunsa a kanta, sai ya shirya sannan ya ce a saki. Gajeruwar ta daji ce, ba nauyi, ana yini da ita a hannu ba a gaji ba, inda ido ya kalla nan take kai wa. Amma a daji babu mai jiran ka shirya.

"Ka ɗauki doguwar, tsoho," in ji Harlan. "Ai da hagun ma ba wani abin kirki kake fasawa ba. Wa ya sani ko dama ta rufa maka asiri."

"Kai da gwiwa ta mayar mai gadin buta, har kana da bakin magana?"

"Ni dai na gaya maka. Mu biyar ne ranar Alhamis a filin faifai. Tun da ka kwanta muke harbi mu huɗu, gurbinka a buɗe, babu wanda muke yi wa dariya."

Maganar ta taɓa shi, ko da yake bai nuna ba. Tun rasuwar matarsa, Alhamis ce kaɗai ranar da yake magana da mutane har muryarsa ta gaji. Da doguwar zai iya ƙara shekara goma a cikinsu. To, amma akwai Otis. Likitan dabbobi ya gano wani ƙari a cikinsa tun da rani, ya ce wannan kakar ce ta ƙarshe, in ma ya kai ƙarshenta. Kuma karen nan ya san bindigogi fiye da wasu masu sayensu. Idan Lowell ya ɗauko doguwa, ko kai ba ya ɗagawa, ya san Alhamis ce, ba da shi za a je ba. Idan gajeruwa ya gani, sai ya birkita gidan, ya ture kujera, ya je bakin ƙofa yana rawar jiki. Yau da safe, da ya ga hular lemo kawai, sai da ya haye motar da kansa, abin da ya yi watanni bai iya ba.

Lowell ya miƙa hannu ya ɗauki gajeruwar.

Ya gaya wa Marlys cewa duk ranin nan da sandar tsintsiya ya yi shi, a gaban madubi, safe da yamma. Ya tsaya ya nuna mata. Bindigar ta tashi ta zauna a kafaɗar dama tsaf, ya sauke, ya sake, ta sake zama. Marlys ta karɓi tabaransa ta liƙa ɗan salatef a gilashin hagu, domin idonsa na hagu ne mai iko, in ba a rufe shi ba zai ja bakin bindigar gefe. Ya sake gwadawa, ya yi kyau. Har Harlan ya ce ashe tsintsiyar ta yi aiki, a ba ta gurbin Alhamis ɗin.

Marlys ba ta yi dariya ba. Ta buɗe bindigar, ta zura mata harsasan roba, irin waɗanda babu albarushi a ciki, ana sa su ne don a ja kunama ba a lalata ta ba. Ta ce akwai wani kwari mai ciyawa a bayan shagon, gonar ƙaninta ce, kuma tun jiya take jin carar zakaran dawa a ciki.

"A cikin shago kowa gwani ne, Lowell. Sauko da karen, mu je mu gani. In ta zauna a dama, ni zan ba ka harsashin da hannuna."

Da Otis ya ga gajeruwar a hannun ubangidansa sai ya manta da tsufa. Ya diro daga motar, ƙafafun baya suka kusa kayar da shi, ya miƙe ya yi gaba. Sama ta yi toka-toka, iska mai sanyi tana kaɗa busassun karan masara. Daga nesa ana jin ƙarar bindigogi jefi-jefi. Lowell yana tafe yana nanata wa kansa dama, dama, dama, Marlys tana biye da shi.

Karen yana saƙa ciyawar hagu da dama kamar yadda ya saba, sai dai a hankali, yana haki. Lowell ya tsinci kansa yana kallonsa maimakon ya kula da hannunsa. Ya ga yadda gashin bakinsa ya yi fari, ya ga yadda haƙarƙarinsa suka fito. Tausayi da daɗi suka cakuɗe masa, rabon da ya ji haka tun kafin asibiti. Sai wutsiyar ta fara kaɗawa da sauri. Otis ya ƙame wuri ɗaya, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, hanci ya nuna wani dunƙulen ciyawa.

Lowell ya matsa. Ya taka ciyawar, shiru. Ya ƙara taku, har ya fara zaton tsohon hancin ya yi kuskure. Sai zakaran ya fashe daga ƙarƙashin ƙafarsa da cara da karkaɗar fukafukai, doguwar wutsiyarsa tana rawa a baya.

Ya ji ƙas ɗin kunama. Bakin bindigar yana kan zakaran daidai, yana binsa sumul, da akwai harsashi da ya faɗo. Daga nan ne ya ji wani abu mai tauri yana danne fatarsa. Ya sunkuyar da ido. Gindin bindigar yana kafaɗarsa ta hagu, a kan na'urar, ya zauna daram kamar bai taɓa barin wurin ba. Kansa ma ya karkata da kansa yana leƙe ta gefen salatef ɗin.

Ya sauke ta a hankali.

"Sau ɗaya ne," ya ce. "Ban shirya ba."

"Na sani," in ji Marlys. "Da harsashin gaske ne, da yanzu ni ce zan kira Renae."

Otis kuwa ya riga ya ruga inda ya kamata zakaran ya faɗi. Ya ga an ɗaga bindiga, kuma a iya rayuwarsa in aka ɗaga bindiga kusa haka, nama yana ƙasa. Ya yi ta kewaya wurin, ya shinshina nan, ya koma can, ya ɗago ya dubi Lowell, ya sake dulmiya cikin ciyawa. Lowell ya kira shi bai zo ba. Sai da ya je ya kamo shi ta wuya, karen yana tirjewa yana waiwaye.

A hanyar komawa Marlys ta yi ƙoƙarin nemo masa mafita, domin ba muguwa ba ce, gaskiya ce kawai ba ta iya ɓoyewa. Ta ce ya riƙa fita da bindigar ba harsashi, ko ya tafi da wani ya riƙa harba masa. Ya ce Otis bai taɓa yi wa wani aiki ba, in baƙo ya harba ma ko kallon naman ba ya yi. Ita kuma bindiga ba harsashi, ai ta ga abin da ya faru yanzu. Ba zai yi wata uku yana sa kare mai ciwo neman abin da bai faɗo ba.

"Kuma na san kaina," ya ƙara. "Kwana biyu zan yi, na uku in sa harsashi in ce sau ɗaya ne."

Da suka shiga, Harlan ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar abokinsa, ya mayar da bakin kan kofinsa. Lowell ya ajiye gajeruwar a kan kanta, ya tura ta gefe, ya jawo doguwar. Ya ɗaga ta a tsanake, ya ɗora a dama, ya gyara kumatu. Ta zauna lafiya lau. Nauyinta ya sauka a hannunsa, bai ji komai a ransa ba sai gajiya. Suka yi abin da doka ta ce a yi kafin a fita da bindiga. Marlys ta kawo jakarta, ta ce ya bar salatef ɗin a tabarau har ya saba. Harlan ya ce, ba da ƙarfi ba, za su jira shi ranar Alhamis.

Ya riga ya mayar da Otis cikin mota kafin ya shigo. Yana fitowa ya hango shi tsaye a kan kujera, ciyawa maƙale a kunnensa, wutsiya tana dukan gilashi. A wurinsa yinin yanzu aka fara. An kuskure zakara ɗaya, saura gonaki da yawa. Wata mota cike da mutane masu hular lemo ta wuce, suka danna wa Lowell oda, karnukansu suna haushi a baya.

Ya buɗe ƙofa, ya zura jakar a bayan kujera. Da ƙyar ta shiga saboda tsawo, sai da ya karkata ta. Otis ya bi ta da hanci tun daga wannan ƙarshen har wancan. Wutsiyar ta rage sauri, ta tsaya. Ya dubi Lowell, Lowell ya kasa haɗa ido da shi, ya cire hular lemon ya ajiye a gaban mota.

Karen ya juya sau ɗaya a kan kujerar, ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa. Daga gonar ƙanin Marlys wani ya harba sau biyu. Ko kunne Otis bai ɗaga ba. Lowell ya tayar da mota, ya karya kan sitiyari zuwa gida.